Waiwaye: Gyaɗa, gawo da hannun gwamnati a Damagaram

Ɗari-ɗarin da mutanen Damagaram ke yi da hukuma ya samo asali tun zuwan Nasara Faransawa. Sun ci garin a 1899, suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa a 1906, sannan a 1926 suka ɗauke fadar mulkin Nijar daga nan zuwa Yamai. Abin da talaka ya sani game da gwamnati a lokacin shi ne lanho da aikin tilas, wanda sai a 1946 aka soke.

Mulkin kai ya sauya masu sa hannu a takarda, amma hukuma ta ƙara kutsawa cikin kasuwa. A 1962 aka kafa SONARA, hukumar cinikin gyaɗa ta gwamnati, aka ba ta ita kaɗai ikon fitar da gyaɗa waje. A lokacin a Yamai ake yanka farashi, manomin Magarya da Matamai ya kai buhunsa kan sikeli ya karɓi abin da aka ba shi. Ribar da ke tsakanin wannan farashin da na kasuwar duniya ita ke ciyar da ofisoshi. Shi ya sa duk shekarar da farashi ya fi kyau a Najeriya, gyaɗa kan tsallaka iyaka cikin dare, a kira manomi ɗan sumoga a kan amfanin gonarsa. Farin 1973 da cutar da ta biyo baya sun karya noman, amma sun tarar da shi a raunane.

Batun itatuwa ya fi komai fito da lamarin fili. Dokar gandun daji, wadda aka gada daga Faransa aka sabunta a 1974, ta sa gawo cikin itatuwan da hukuma ke karewa, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Ka sassabe reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Sai manoma suka koyi kashe tsiron tun yana ƙarami, don babu mai renon abin da zai jawo masa tara.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da aljihun gwamnati ya yi rauni sintiri ya ragu, mutane suka fara ɗaukar itacen gona a matsayin nasu. Sassaben zamani ya bazu: a bar kututture, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a datse sauran kowace shekara. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka hatsi na yi a ƙarƙashinsa, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne da rani. Yankin Mirya, Magarya da Matamai ya cika da gawo ba tare da an dasa shi ba, kuma a nan masu ra'ayin taƙaita ikon gwamnati suke da hujja mai ƙarfi a ganinmu.

Doka daga baya ta biyo: kundin dokokin karkara a 1993, sabuwar dokar gandun daji a 2004, sai a 2020 aka fitar da ƙudurin da ya amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa.