Naman sa ko mota: wanne ya fi ɗumama duniya?

Ana yawan cewa kilo ɗaya na naman sa daidai yake da tuƙa mota ɗaruruwan kilomita. Gaskiya ne?

Maganar tana da tushe. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Ke nan motar da ke shan lita 8 a tafiyar kilomita 100 tana sakin kusan giram 184 a kowace kilomita. A ɓangaren nama kuwa, binciken da Joseph Poore da Thomas Nemecek suka wallafa a mujallar Science a 2018, wanda ya tattara bayanan gonaki sama da 38,000 a ƙasashe 119, ya nuna cewa kilo ɗaya na naman shanun da aka kiwata don yanka kawai yana jawo iska mai ɗumama yanayi da ta kai kusan kilo 100 a ma'aunin kabon, wato idan aka auna illarta da ta iskar kabon. In ka raba, tafiyar sama da kilomita 500 ce.

Sai dai wannan matsakaici ne. Naman da ya fito daga garken shanun madara bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba, domin madarar ta ɗauke wani kaso na nauyin.

To ina saniya ta samo hayaƙi, alhali ba ta da inji?

Daga tumbinta. Ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa a cikinsa suna samar da iskar metan, saniyar kuma ta fitar da mafi yawanta ta hanyar gyatsa. A ƙara da kashin shanun, da takin zamani da ake zuba wa abincinsu, da sare daji don buɗe makiyaya, kamar yadda ake yi a dajin Amazon na Brazil. Jigilar naman zuwa kasuwa, wadda mutane suka fi zargi, kasonta kaɗan ne.

Shin kiwo ya fi dukan sufuri illa?

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 ya ce kiwon dabbobi ne ke da kashi 18 cikin 100 na iskar mai ɗumama yanayi da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa, fiye da sufuri. Frank Mitloehner na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya soki wannan kwatancen. Hujjarsa ita ce an ƙirga wa dabba komai, tun daga noman abincinta har mayanka, amma abin hawa sai aka auna abin da ke fita daga bututun hayaƙinsa kaɗai, aka manta da haƙo mai, da tace shi, da ƙera motar kanta. Sukar tana kan hanya. A 2013 hukumar ta fitar da sabon adadi, kashi 14.5, kuma shanu ne ke da kusan biyu cikin uku na wannan.

Metan da kabon duk ba ɗaya ba ne?

A'a, ba ɗaya ba ne. Metan ya fi zafin aiki: cikin shekara 100 ya ninka kabon kusan sau 28 wajen riƙe zafi, cikin shekara 20 kuwa wajen sau 80. Amma bai cika wuce shekara 12 a sararin sama ba, yayin da wani kaso na kabon ɗin fetur ke zama ɗaruruwan shekaru yana taruwa. Don haka rage metan yana saurin nuna amfani, shi kuwa kabon bashi ne da jikoki za su gada. Duk wanda ya ba ka adadi bai faɗi tsawon shekarun da ya auna ba, rabin magana ya yi.

Ga mutum ɗaya fa, wanne ya fi nauyi a shekara?

Ya danganta da yawan ci da yawan tuƙi. A Amurka, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta cewa motar gida tana fitar da kimanin tan 4.6 na kabon a shekara. Ba'amurke kuma yana cin kusan kilo 26 na naman sa a shekara. Ko da mun ɗora masa kilo 100 ɗin nan, wanda ya yi wa kiwon ƙasar yawa, tan 2.6 ne. Motar ce ta rinjaya. Mai cin naman sau da yawa a mako amma ba ya tuƙi sai jefi-jefi, nasa lissafin na iya juyawa.