Girgizar bututun bindigar iska da tasirinta a kan saiti

Bindigar iska ita ce wadda ke harba ƙwayar dalma da ƙarfin matsattsiyar iska, ba tare da albarushi ba, kuma girman ƙwayar da aka fi amfani da ita shi ne milimita 4,5 ko 5,5. Duk lokacin da aka ɗana ta aka harba, bututun yana girgiza kamar sandar ƙarfe da aka kafe gindinta aka buga kanta, ko da yake ido ba ya ganin wannan motsi. Ƙwayar tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta fita, saboda haka inda bakin bututun ya karkata a daidai fitarta shi ke nuna inda za ta sauka. Karkatar kashi ɗaya bisa goma na digiri kaɗai tana kautar da ƙwaya fiye da santimita 4 a nisan mita 25.

Ƙarfin bututu wajen jure lanƙwasa ya dogara ne da kaurinsa da tsawonsa. Idan aka ninka kaurin sandar ƙarfe sau biyu, taurinta yana ƙaruwa sau 16, amma idan tsawonta aka ninka, lanƙwasar bakinta tana ƙaruwa sau 8. Shi ya sa gajeren bututu mai kauri ya fi dogo siriri natsuwa, kuma zaton da wasu ke yi cewa dogon bututu kullum ya fi saiti kuskure ne.

Ba a iya kawar da girgizar gaba ɗaya. Abin da ake nema shi ne ta zo iri ɗaya a kowane harbi, ƙwayar kuma ta fita sa'ad da bakin ya kai ƙarshen lilonsa, inda motsinsa ya fi raguwa. Don haka wasu maharba ke ɗaura ɗan nauyi kusa da baki, suna gusar da shi har sai ƙwayoyi sun taru wuri guda.

Matsalar ta fi tsanani a bindiga mai sifirin, domin fistan, wato ƙarfen da sifirin ke turawa don matse iskar, yana zabura gaba ya jijjiga ta tun ƙwayar ba ta bar bututu ba. Irin wannan ana riƙe ta da sassauci, a kuma ɗora hannu wuri ɗaya kowane lokaci. A Damagaram, bushewar hunturu tana sa katakon ƙota ya tsuke har kusoshi su saki, wanda hakan ke canza girgizar, don haka ya kamata a riƙa duba su kafin a zargi ƙwaya ko madubin saiti.