Waiwaye: Yadda ketamin ya taso daga ɗakin tiyata zuwa jinyar ciwon firgici

Ketamin ba sabon magani ba ne. A 1962 wani masanin haɗa magunguna, Calvin Stevens, ya ƙirƙiro shi wa kamfanin Parke-Davis a Amurka, a ƙoƙarin samo allurar barci da ba ta rikita marasa lafiya kamar PCP, wata allurar barci da ta gabace shi. A 1964 aka fara gwada shi a kan mutane, wasu fursunoni a jihar Michigan. Da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 1970, sai ya bi sojojin Amurka zuwa yaƙin Biyetnam, domin ba ya danne numfashi kamar sauran alluran barci. Dalilin ke nan da har gobe asibitocin karkara a Afirka ke dogaro da shi, inda wuta da iskar oksijin ba su da tabbas.

Shi kuwa ciwon firgici, wanda likitoci ke kira PTSD, sai a 1980 ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, kuma matsin lambar tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Biyetnam ɗin na cikin abin da ya shigar da shi. Mai wannan ciwo ya tsira daga yaƙi ko fyaɗe ko haɗarin mota, amma abin bai sake shi ba. A buga ƙofa da ƙarfi ya zabura, dare ya yi ya sha mugun mafarki, ya ƙaurace wa duk hanyar da za ta tuna masa. Ƙwayoyi biyu kacal FDA ta amince da su domin ciwon, sertraline da paroxetine. Sai an yi makonni ana sha kafin a ga canji, wasu ma shiru kake ji.

A shekarar 2000 masu bincike a jami'ar Yale suka nuna cewa ɗan ketamin kaɗan, wanda bai kai ya sa barci ba, yana sassauta matsanancin ciwon damuwa cikin sa'o'i. Yana toshe wata kafar saƙo a ƙwaƙwalwa mai suna NMDA, hanyar da tsofaffin ƙwayoyin ba sa bi. Sai kuma a 2008 likitocin sojan Amurka suka duba bayanan sojojin da suka ƙone a Iraƙi da Afganistan. Waɗanda aka yi wa tiyata da ketamin, kashi 27 cikin ɗari ne ke da alamun PTSD, sauran kuwa kashi 46. Da suka sake dubawa da mutane masu yawa daga baya, bambancin ya ɓace, amma labarin ya riga ya yi nisa.

Gwaji na haƙiƙa ya fito ne daga asibitin Mount Sinai na New York, ƙarƙashin Dakta Adriana Feder. A 2014 an sa wa mutum 41 maganin ta ƙarin ruwa, rabin miligiram a kowane kilo na nauyin jiki, yana ɗiga har minti 40. Washegari alamun sun ragu fiye da na lokacin da aka ba su midazolam, wani maganin sa barci da aka kwatanta shi da shi. A 2021 ta maimaita da mutum 30, sau shida cikin mako biyu: kashi 67 cikin ɗari suka samu sauƙi, waɗanda aka ba midazolam kuwa kashi 20. Sai dai galibi kafin wata ya zagayo ciwon ya fara dawowa.

A 2022 ne murna ta koma ciki. Gwaji mafi girma, na Dakta Chadi Abdallah da abokan aikinsa, ya haɗa sojoji da tsofaffin sojoji 158, aka yi musu ƙarin ruwa sau takwas cikin mako huɗu. Damuwarsu ta ɗan lafa, amma a kan PTSD ketamin bai fi ruwan gishirin da aka sa wa wasunsu don kwatanci ba. Akwai kuma matsalar da ta dabaibaye duk gwaje-gwajen: wanda aka sa wa ketamin yakan gane, don ji yake kamar ya fita daga jikinsa, kuma sa rai kaɗai na iya kawo sauƙi. Jagorar da ma'aikatar tsofaffin sojoji da ta tsaron Amurka suka fitar a 2023 ta ba da shawarar kada a yi amfani da shi wajen wannan ciwo.

Kasuwa dai ba ta tsaya jiran hujja ba, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Ɗaruruwan asibitocin kuɗi sun buɗe a Amurka, suna karɓar ɗaruruwan daloli a kowane zama. Feshin hanci na Spravato, wani nau'in ketamin da aka amince da shi a 2019, na ciwon damuwa ne mai taurin kai, ban da PTSD, amma tallace-tallace kan cuɗa su wuri guda. Ketamin yana ɗaga hawan jini, yana zame wa mutum jaraba, yawan shansa kuma yana lalata mafitsara. A Oktoban 2023 FDA ta yi gargaɗi kan ketamin da ake haɗa wa mutane su sha a gida, kuma a ƙarshen watan ne ɗan wasan kwaikwayon Amurka Matthew Perry ya mutu sanadiyyarsa.

Yanzu masu bincike sun karkata ga haɗa shi da jinyar tattaunawa, wadda ake sa majinyaci ya faɗi ko ya rubuta abin da ya same shi daki-daki, da fatan kwanakin sauƙin da ketamin ke bayarwa za su ba shi ƙarfin jure zaman. Gwaje-gwajen da aka kammala a kan haka ƙanana ne tukuna.