Sauya kwanson harsashi ya koma na wata bindiga: tambayoyi da amsoshi

Wani mafarauci a nan Sakkwato ya ga bidiyon Ba'amurke yana matse kwanson harsashi a injin hannu, har ya koma na wata bindiga dabam. Ga abin da ya tambaya.

Shin da gaske ne, ko siddabarun bidiyo ne?

Da gaske ne. Harsasai da yawa 'yan gida ɗaya ne, gindinsu iri ɗaya, a wuya da kafaɗa suka bambanta. Kwanson wani nau'in harsashi mai suna .308 Winchester ya fito a 1952. Da aka tsuke wuyansa sai aka sami .243 Winchester a 1955, daga baya kuma 7mm-08 Remington a 1980. Haka .25-06, 'yar .30-06 ce.

Me ya sa mutum zai sha wannan wahala?

Galibi tsohuwar bindiga ce ta gado wadda kamfani ya daina yi wa harsashi. Wasu kuma tsada suke gudu, wasu sha'awa ce kurum.

Ta yaya ƙarfe zai sauya siffa bai tsage ba?

Nan ne maƙeran unguwar Assada ta Sakkwato za su fi kowa ganewa. Kwanso tagulla ne, wajen kashi 70 jan ƙarfe, 30 tutiya. Tagulla kuwa da ka matsa mata sai ta ƙara tauri, in ka ci gaba ta tsage, kamar kwanon da ya sha guduma. Shi ya sa ake gasa wuyan kwanson ya yi laushi. Wuyan kaɗai fa, domin in zafi ya kai gindi ya yi laushi, kwanson ba zai jure ƙarfin albarushi ba, a fuskar mai harbi zai fashe. Wuyan da aka tsuke kuma yana ƙara kauri, har ya shaƙe harsashi ya hana shi fita da sauƙi.

Ina babban haɗarin yake?

A ganina, a rubutun gindi. Kwanso ya sauya, amma sunan da aka buga masa yana nan yadda yake. Ana yin .300 Blackout daga kwanson .223, gindin kuma yana ci gaba da cewa .223. Mutum ya duba rubutu ya yarda, ya zura a bindigar .223, kan harsashi mai kauri ya tarar da bututun bindiga siriri. Bindigogi sun tarwatse ta wannan hanya.

To, Malam, mu nan za mu iya?

A'a. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mutum ƙera ko harhaɗa harsashi a gida, aikin na wuraren gwamnati ne irin masana'antar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Adakar mafarautanmu ma ba ruwanta da kwanso, ta baki ake ɗura mata albarushi.