Tsarin Fayil na Kama-da-wane a Matakin Farko

Tsarin fayil na kama-da-wane, wanda masana ke taƙaitawa da VFS, sashe ne na manhaja da ke tsayawa tsakanin mai amfani da kwamfuta da ainihin inda bayanai suke ajiye. Aikinsa irin na dillali ne a kasuwar Mile 12: mai saye ya faɗi buƙatarsa, dillali ne ya san rumfar da zai shiga da yaren da zai yi. Manhaja ta nemi a buɗe fayil, shi kuwa ya kai saƙon ga faifan kwamfuta, ko filas, ko wata na'ura da ke Turai, ita ba ta ga wani bambanci ba.

Asali

Kamfanin Sun Microsystems na Amurka yana cikin waɗanda suka fara shi, a babbar manhajarsa ta tafiyar da kwamfuta, SunOS 2.0, a shekarar 1985, domin fayilolin wata kwamfuta su bayyana tamkar na gida ta hanyar NFS, tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutocin da ke haɗe da juna. A Linux ma, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, abin da ke cikin foldar /proc ba ya kan faifai. Sai an nema ake ƙirƙiro shi.

Abin da ya buɗe wa ƙananan magina manhaja ƙofar gina nasu tsarin fayil shi ne FUSE, aikin Miklos Szeredi, wanda ya shiga Linux 2.6.14 a 2005. Kafin nan galibi sai mutum ya yi rubutunsa a cikin zuciyar Linux, inda ƙaramin kuskure kan daskarar da na'ura ɗungurungum. Da FUSE kuwa, tsarin yana gudana kamar kowace manhaja. In ya faɗi a sake tayar da shi. A kansa aka gina SSHFS, mai nuna fayilolin kwamfuta mai nisa tamkar na gida. Windows na da makamantansa, Dokan da WinFsp, kwamfutocin Apple kuma macFUSE.

Yadda ake farawa

Ayyuka huɗu sun isa a ga tsari ya motsa: faɗin girma da nau'in fayil, jero abin da ke cikin folda, buɗewa, da karantawa. Mai hankali a nan yake tsayawa tukuna, ya bar tsarin a kan karatu kaɗai. Rubutu ne wurin haɗari. Manhajar waƙa in ta lalace tsaki kawai za a yi, amma tsarin fayil in ya yi kuskure, hotunan aure ko lissafin shago na shekara guda ne za su salwanta. Dole a yanke abin da zai faru idan manhajoji biyu suka rubuta wuri ɗaya lokaci guda, kuma umarnin fsync ya zama gaskiya: in tsarin ya ce an ajiye, to an ajiye. Sauya sunan fayil ma ko dai ya kammala ko kada ya soma. Akwai kayan gwaji na kyauta irin su pjdfstest da xfstests, kuma bai kamata a saki aiki ba a bi ta kansu ba.

In buɗaɗɗiyar manhaja za a yi, wato wadda kowa zai iya duba rubutunta ya gyara, tun ranar farko ake zaɓar lasisi, GPL ko MIT misali, a kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa aikin ɗanye ne, kada kowa ya damƙa masa abin da ba shi da kwafinsa.

A Legas

Legas na da masu wannan sha'awa. A nan aka yi bikin farko na Open Source Community Africa, ƙungiyar masu buɗaɗɗiyar manhaja ta Afirka, a 2020. Matashi ɗan Agege ko Idi-Araba da ya sayi tsohuwar kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja yana da duk abin da aikin ke bukata. Yana ma da wani gwaji da magina a wasu ƙasashe sai sun ƙirƙira da gangan: a ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, ko intanet ta yanke kafin janareta ya kama. Tsadar data kuma kan tilasta ajiye kwafin wucin gadi a gida, sannan a san lokacin da kwafin ya tsufa.

Akwai kuma batun harufanmu. A Linux sunan fayil ba ya wuce bayit (ma'aunin girman bayanai) 255 a yawancin tsare-tsare, kuma ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi. Tsarin da ke yanke dogon suna da ƙidayar bayit zai iya tsaga harafi gida biyu, sunan ya koma shirme. Shi ya sa fayil mai suna ƙididdigar_ɗalibai ya cancanci shiga jerin gwaji tun makon farko.