Warware lamba zuwa lambobin asali

Warware lamba zuwa lambobin asali hanya ce ta lissafi da ake farfasa cikakkiyar lamba har sai an gano ƙananan lambobin da aka ninka suka ba da ita. Lamba ta asali ita ce wadda ta fi 1, kuma ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Ba a saka 1 a cikinsu. A makarantun Yamai da Tawa, kamar sauran Nijar, ana koyar da wannan babi da Faransanci a kolej.

Yadda ake yi

Ana farawa da 2, a yi ta rabawa har ta ƙi, sannan a koma 3, sai 5, haka har a ƙare. Misali 360: rabinta 180, rabin wannan 90, sai 45. Nan 2 ta gaza. Da 3 a samu 15, sannan 5. Ke nan 360 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Jika guda, wato sefa 1000, ita kuwa 2 uku ce da 5 uku. Ba dole a gwada kowace lamba ba. Ga 97, da an gwada 2, 3, 5 da 7 ba wadda ta raba ta, an gama: lamba ce ta asali, domin 11 sau 11 ya riga ya wuce ta.

Tarihi

Tushen maganar yana cikin littafin masanin lissafi Yuklid na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin Miladiyya. Shi ya nuna cewa idan lamba ta asali ta raba sakamakon ninkin lambobi biyu, to tabbas tana raba ɗaya daga cikinsu, ya kuma tabbatar lambobin asali ba su da iyaka. Bayansa Eratostenis, mutumin Kirene da ke Libiya ta yau, ya fito da dabarar rariya, inda ake tace lambobi a bar na asali kawai.

Gudummawar malaman Musulunci a nan babba ce, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Kamaluddin al-Farisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya bayyana a fili cewa kowace lamba tana warwaruwa zuwa na asali. Ana danganta wa Ibn al-Banna na Marrakesh, ɗan zamaninsa, taƙaita gwajin rariya kamar yadda aka yi wa 97 a sama. Cikakkiyar hujjar cewa hanyar warwarewar ɗaya ce tak ga kowace lamba, Gaus na Jamus ne ya kafa ta a 1801. Ana saɓani kan ko Yuklid ya kai ga wannan.

A 1732 masanin lissafi Oila ya nuna cewa 4294967297 daidai take da 641 × 6700417, ya rushe zaton Farma na Faransa cewa lamba ce ta asali.

Amfani

Da wannan hanya ake rage ɓangarorin lamba da neman lambar da ta raba lambobi biyu tare. Masu rabon gado sun san irin wannan aiki a babin tawafuƙi da tabayuni, inda ake duba ko lambobi biyu suna da abin da ya raba su tare. Tsarin ɓoye bayanai na RSA, na 1977, ya dogara ne ga wahalar warware manyan lambobi. A 2020 an warware wata mai alƙaluma 250 da tarin kwamfutoci.