Kula da Ciyawar Filayen Wasa a Legas: Jan Hankali ga Masu Aikin Lambu

'Yan uwanmu da dama a Legas suna cin abinci ne da kula da ciyawa, wasu a gidajen Ikoyi da Lekki, wasu kuma a filayen ƙwallo na makarantu da unguwanni irin su Agege da Obalende. A zagayen da nake yi a matsayina na malamin gona, na lura cewa abin da ya fi kashe ciyawar waɗannan filaye shi ne wuce gona da iri wajen yanka da ban ruwa da zuba taki, alhali mai aikin yana ganin ƙoƙari yake yi.

Yanka shi ne babbar matsalar. Maigida yana son ya ga fili sumul kamar darduma, sai mai lambu ya sauke injin ya aske ciyawar har ƙasa ta bayyana, bayan kwana uku kuma wurin ya yi ja kamar an babbake shi. Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganyen a yanka guda, domin da ganyen ciyawa take ciyar da saiwarta. Idan tsawonta ya kai santimita 6, a rage santimita 2 kawai. A kuma riƙa wasa wuƙar injin, domin dakusasshiyar wuƙa yaga ganye take yi, ta nan ne cuta ke samun ƙofa. Ɓurɓushin da ya zuba, matuƙar bai yi tuli ba, a bar shi ya ruɓe a wurin ya zama taki.

Game da ruwa, daminar Legas tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, saboda haka ban ruwa aikin rani ne. Kimanin milimita 25 a mako ya wadatar, wato jarka ɗaya mai lita 25 ga kowace murabba'in mita, a ba shi sau ɗaya ko biyu da sassafe. Wanda ke son ya auna sai ya ajiye gwangwanin kifi a tsakiyar fili yayin feshi, in ruwan ya kai santimita biyu da rabi (ko rabin haka in sau biyu ake bayarwa a mako) ya rufe famfo. Yayyafi na kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, ranar da burtsatse ya lalace kuwa sai ciyawar ta bushe. A yankunan da ke dab da teku, inda ruwan rijiya kan yi gishiri, ciyawar faspalam ta fi jurewa, kiri-kiri kuma ta fi dacewa da filin da ake tattakawa a sararin rana, amma ba ta son inuwar bishiya.

Takin zamani kamar yuriya, idan aka watsa shi hadari na haɗuwa, kwata zai bi ya ƙare a tafkin Legas, an yi asarar kuɗi an kuma gurɓata ruwan masunta. Gara a zuba kaɗan-kaɗan, a haɗa da kashin shanu ko na doki da ya ruɓe sosai, wanda samunsa ba wuya ga mai zuwa mayankar Oko-Oba. Ɗanyen kashi dai yana ƙona ciyawa, yana kuma kawo irin wasu ciyayin da ba a so.

A filin ƙwallo, gaban raga ne wurin da ya fi saurin zama fako, saboda ƙafa ta danne ƙasar har ruwa da iska ba sa shiga. A soka ƙarfe mai yatsu zurfin santimita 10 a ko'ina, a cike ramukan da yashi, a matsar da ragar atisaye zuwa wani gefe na 'yan makonni. Idan kuma aka ga tabon busasshiyar ciyawa yana yaɗuwa, kafin a sayi magani a zuba ruwan sabulu a wurin. In tsutsa ce, irin mai cin masarar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016, za ta fito fili cikin 'yan mintoci. Sai an gan ta za a yi feshi, a daidai wurin kaɗai, da safar hannu da takunkumi, sannan a hana yara shiga filin har tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar.